Mai Ɓata wa Baba Kanti

Tun ranar farko Baba ya raɗa wa abin suna takunkumi.

"Auta, gaya wa yaron nan," ya ce da ni, alhali yaron yana tsaye a gabansa, "takunkumi a baki ake sa wa dabba. Su sun ci gaba, sun kai shi ido."

Yaron da yake nufi shi ne likitan gashin ƙashi, wani dogo mai sanyin murya da marasa lafiyar sashen suke kira Ƙara-Kaɗan, don maganar da ta fi yawa a bakinsa ke nan. Ko ka ɗaga hannu har idonka ya kawo ruwa, cewa zai yi, "Madalla. Ƙara kaɗan." Bai ji haushin Baba ba. Ya riƙe ƙaton tabarau ɗin da hannu biyu kamar mai miƙa jariri, ya yi wani murmushi da na yi alƙawarin ba zan sake kallo ba, kuma na karya alƙawarin kafin ya rufe baki.

"Baba, kanti ne a ciki," ya ce. "Idan ka sa, za ka ga kanka a tsakiyarsa. Kaya kawai za ka jera."

"Kanti a cikin tabarau."

"Eh."

"To Allah ya kawo kasuwa."

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana buɗe kantinsa na kayan masarufi, har ranar da hawan jini ya kayar da shi a bayan kanta, ɓarinsa na dama ya shanye. Cikin wata biyar ƙafa ta dawo. Baki ya dawo, har ya fi da kaifi. Hannun dama ne ya yi zamansa a gefen cinya kamar baƙon da bai san kowa a gidan ba. Yana iya damƙar abu, yana iya ɗagawa zuwa cibiya, daga nan sai ya ce ya gaji.

Babbar likita ta rubuta masa zama ashirin, Talata da Alhamis da yamma. Ta ce a ƙarshe za ta gwada shi: in hannun ya wuce saman kansa, za ta sa hannu ya koma aiki, in bai wuce ba, ya haƙura da kanti. Yaya, wanda makullin yake hannunsa tun ranar faɗuwar, har ya yi magana da kafinta a kan a cire katakan jera kaya a mayar da wurin shagon kayan waya. Ba mugunta ba ce. Shi ya ɗago Baba daga ƙasa a ranar, kuma ba ya so ya sake ɗagowa. Amma ni na san Baba. Tun rasuwar Mama, kantin nan ne yake tashinsa da safe. Yanzu kullum yana kan kujera a falo yana kallon bango, kamar yana jiran bangon ya fara magana.

Ɗakin gashin ba shi da girma. Akwai gado mai katifar roba, da sandunan riƙewa, da kwandon ƙwallaye, da wata doguwar kabad ta ƙarfe a lungu. A tsakiya an zana murabba'i da tef rawaya, a nan mara lafiya yake tsayawa. A bango kuma akwai talabijin da take nuna mana duk abin da mai tabarau yake gani. Ƙara-Kaɗan ya ɗaura wa Baba wani abu kamar rimot a tafin hannun dama, ya sa masa takunkumin.

Sai ga kanti a talabijin. Kanta mai hawa biyar, babu komai a kanta, da kwalaye cike da kaya a kan tebur. Wata kibiya kuma tana ƙiftawa tana nuna inda za a ajiye kowane abu. Baba ya ɗauki kwalin sukari ya ajiye. Ya ɗauki sabulu. Kibiya ta nuna gefen sukarin.

Baba ya tsaya cak.

"Wa ya rubuta wannan abin?"

"Wasu ne, Baba, can nesa."

"Da gani. Sun taɓa shan shayi mai ƙamshin sabulu? Sukari ɓarawon wari ne, yaro. Kwana ɗaya ya yi kusa da sabulu, ya kwashe ƙamshin tas, gobe matar mutum ta dawo maka da shi tana zagin iyayenka. Cire mini wannan kibiyar, ko in cire takunkumin."

Ƙara-Kaɗan ya kashe kibiyar. Baba ya fara jera kaya yadda Allah ya nufa a jera su: masu nauyi a ƙasa, ashana nesa da kwalbar mai, sabulu can ƙarshen duniya, rubutun kowane gwangwani yana kallon mai saye. Hawa biyu na ƙasa kawai hannunsa yake kaiwa, don haka ya cusa komai a nan. Zaman na rabin awa ne, sai da ya yi minti arba'in.

A mota ya ce, "Kantin banza. Ko sikeli babu." Can da muka kusa gida ya ce, "Yau Talata ko?"

Ranar Alhamis aka sa masa tabarau, sai ya yi wata ƙara da ta sa mai shara ya leƙo.

Na kalli talabijin. An watsa aikin Baba gaba ɗaya. Wani ya shiga kantin ya jera kayan bisa launi. Jajaye a ƙasa: tumatirin gwangwani da ashana da batir, duk a cakuɗe. Shuɗaye a hawa na biyu. A hawa na uku kuma farare sun yi sahu abinsu, madara, gishiri, sukari, sabulu, kafaɗa da kafaɗa kamar 'yan uwan juna.

"Ɓarawo ya shiga!" in ji Baba. "A'a, ɓarawo ma yana da tarbiyya, ɗauka yake ya tafi. Wannan mahaukaci ne!"

Ƙara-Kaɗan ya dafe goshi. Ya matso kusa da ni ya rage murya. Ashe na'urar kanti ɗaya take ajiyewa, kuma aikinsa ne ya danna gogewa bayan kowane mara lafiya. Ranar Talata ya manta. Akwai mutum ɗaya da yake amfani da kantin da safe, ya zo ya tarar da jerin Baba, ya yi abin da ransa yake so, kuma nan ma ya manta bai goge ba.

"Laifina ne," ya ce. "Bari in goge yanzu."

Ya miƙa hannu wajen kwamfuta. Ni kuwa, ban san lokacin da na kama masa hannun riga ba. Ya kalle ni, na kalli talabijin don kada in mutu.

"Duba," na ce.

Hannun Baba yana tashi. Ya wuce cibiya. Yana rawa kamar na mai zazzaɓi, kafaɗar tana son ta taimaka ta ɗaga, amma yana tafiya. Ya kai ƙirji. Yatsunsa suka damƙi sabulun nan da ke hawa na uku, ya fizgo shi kamar yana raba faɗa.

"Ɗan banza," Baba ya ce wa sabulun, yana haki. "Kai ma ba ka da kunya, an ajiye ka ka zauna."

Ƙara-Kaɗan ya janye hannunsa daga kwamfutar a hankali. Ni ma na tuna na saki rigarsa.

Daga ranar aka fara yaƙi, kuma ba a sake danna gogewa ba. Baba ya sa wa abokin gabarsa suna Mai Ɓarna. Duk Talata da Alhamis da safe Mai Ɓarna zai zo ya mayar da kantin bakan gizo, da yamma Baba ya zo ya mayar da shi kanti. Kuma kowane mako ɓarnar ƙara hawa take, don da alama shi ma nasa hannun ƙara tashi yake. Wata rana muka tarar ya gina dala da gwangwanayen tumatir. Wata rana ya kwantar da ashana a ƙarƙashin kwalbar mai, Baba ya ce wannan ba ɓarna ba ce, yunƙurin kisan kai ne. Baba ma ya koyi mugunta. Gwangwani ɗaya ne rak mai launin rawaya a duk kantin, sai ya ɗauke shi ya tura can bayan kwalayen ganyen shayi, ya ce bari ya ga yadda za a yi bakan gizo babu rawaya. Ranar Alhamis muka tarar da gwangwanin a tsakiyar hawa na huɗu, shi kaɗai, an kewaye shi da batura kamar masu gadi.

Sai da Baba ya yi zama uku kafin ya sauko da shi. Ranar da ya sauko da shi, hannunsa ya kai daidai goshinsa, ni kuma na fita waje na yi kuka a gaban injin ruwan sha.

A gida ma an samu canji. Ya daina kallon bango. Na kama shi a kicin yana ƙoƙarin ɗora gwangwanin madara a kan firij, da ya gan ni ya ce ƙura yake dubawa. Ya koma cin abinci da hannun dama, rabi a baki rabi a riga, yana ci yana zagi.

"Ko wane ne, ba a gidan kasuwa aka haife shi ba. Irin su ne suke shigowa su taɓa komai su tambayi farashi su fita."

"Baba, kanti ne fa na ƙarya," in ji Yaya.

"Kantin ne na ƙarya. Rashin mutuncin na gaske ne."

Ni kuma son sani ya hana ni sakat. Ƙara-Kaɗan ya ƙi gaya mini ko wane ne, ya ce sirrin mara lafiya ne. Don haka ranar zama na goma sha huɗu na je asibitin da safe, da sunan wai na manta katin Baba. Katin yana cikin jakata. Ƙofar ɗakin a ɗan buɗe take, na leƙa.

Mace ce.

Wata gajeriyar mata ce mai jiki, za ta yi shekara hamsin da ɗoriya, da guntayen zare maƙale a gefen zaninta, irin na wadda ta taso daga kan keken ɗinki. Tana tsaye cikin murabba'in tef da takunkumi a ido, tana miƙa hannun hagu sama tana ƙyalƙyala dariya.

"Kai, tsohon nan! Ina kuma ya kai mini koren sabulu? Wallahi sai na nemo shi ko a aljihunsa yake."

Na karanta labaran soyayya fiye da yadda ya kamata a ce yarinya mai hankali ta karanta, kuma na san farkon soyayya in na gan shi. Mutum biyu, ba su taɓa ganin juna ba, suna faɗa ta hanyar sabulu! Kafin ta sauke hannu na riga na ɗaura musu aure a raina. Na zaɓa mata ɗakin da za ta ajiye keken ɗinkinta. Na fara tunanin me zan riƙa kiranta.

"'Yammata, kina neman wani ne?"

Wani siririn dattijo ne a kan bencin jira, ya rungume jakar mata a cinya kamar an ba shi amanar jariri.

"A'a, Baba. Kallo nake."

"Matata ce," ya ce, yana washe baki. "Mota ce ta karya mata kafaɗa. Da ko tsefe kanta ba ta iyawa. Tun da ta samu wani mai taurin kai da yamma suke ta fama, ga shi yau za a sallame ta. Ni dai ina yi wa mutumin nan addu'a, don ya ɗauke mini rabin faɗan gida."

Haka aurena ya mutu, bai cika minti biyu ba.

Da ta fito, Ƙara-Kaɗan ya gan ni ya harare ni, hararar da ba ta kai zuci ba. Bakina kuma ya riga ni, na ce mata ni 'yar tsohon nan ce. Ta rungume ni da hannun da ya warke har sai da na ji ƙashina.

"Ki gaishe shi," ta ce. "Ki ce masa ya fi zif ɗin tsohon wando taurin kai. Kuma ki ce masa ya yi haƙuri, na san sabulu ba ya zama da sukari tun rana ta biyu. Daɗin abin ne ya yi yawa."

Ban gaya wa Baba komai ba. Da yamma ya gyara ɓarnar ƙarshe da ƙarfinsa, bai san ta ƙarshe ba ce.

Ranar Talata aka sa masa tabarau, ya gyara tsayuwa kamar ɗan dambe. Sai ya ga kantin yadda ya bar shi. Komai a wurinsa. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Ya leƙa bayan ganyen shayi.

"Ba shi da lafiya ne?"

"An sallame shi, Baba. Ya warke."

"To," in ji Baba. "Madalla."

Ya ɗauki gwangwani ɗaya ya mayar. Bayan minti goma ya ce a cire masa, kansa yana ciwo. Ranar Alhamis ma haka. Hannun da yake kaiwa goshi ya koma yana tsayawa a haɓa. Hawa na biyar, wanda yake sama da kai, wanda shi ne duk abin da ake nema, yana nan fayau babu ko ashana. A gida kujerar falo ta karɓi mai ita. Ranar Asabar kafinta ya je kanti da tef ɗin awo, Yaya ya dawo yana kauce wa idona.

Saura zama huɗu. Na ce ba zan zauna ina kallo ba.

Ranar Talata da tsakar rana na je na sami Ƙara-Kaɗan na ce ya sa mini tabarau, ni zan zama Mai Ɓarna. Ya ce ba daidai ba ne. Na ce gogewar da ya daina dannawa fa, daidai ce? Sai ya ɗauko tabarau ɗin. Da yake ɗaure mini maɗaurin ta baya ko ɗankwalina bai taɓa ba, amma kunnuwana suka yi zafi kamar an ɗora su a kan murhu.

Sai ɗakin ya ɓace.

A talabijin abin kamar wasan yara yake. A ciki kuwa daban ne. Kanta ta tsaya a gabana da tsayinta, har na ɗaga kai kafin in ga samanta. Na miƙa hannu, wani hannu ya miƙa tare da ni. Na duba jerin kayan, sai na ga ashe kantinmu ne. Madara inda madara take, gishiri inda gishiri yake, har yadda yake karkata kwalin ashana. Kuma a kusurwar hagu ta ƙasa ya bar wani gurbi babu komai. A kantinmu na gaske, nan ne nake zama ina ƙarama, in naɗe ƙafa in yi aikin makaranta. Shekara goma sha biyar rabon da in shiga wannan gurbin, amma ko a kantin ƙarya bai sa kaya a wurin ba.

"Lafiya?" na ji muryar Ƙara-Kaɗan daga wata duniya.

"Gilashin ne yake gumi," na ce.

Na share hanci na kama aiki. Jajaye ƙasa, shuɗaye sama, farare a hawa na huɗu da na biyar. Na yi ɓarna iya ƙarfina, na fito ina alfahari.

Da yamma Baba ya sa tabarau. Na ƙanƙame jakata. Ya daɗe yana kallo.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yaushe kika zo?"

Na kalli Ƙara-Kaɗan, ya kalli silin.

"Ni? Ina gida ai…"

"Duk gwangwanayen nan rubutunsu gaba yake kallo. Shi mutumin nan bai taɓa damuwa da inda rubutu ya kalla ba, ko ƙeya gwangwani ya juya masa ajiyewa yake. Sannan kin sa sabulu kusa da sukari, amma kin bar tazarar yatsa huɗu a tsakani. Hannunki ya ƙi yarda." Ya girgiza kai. "Na ɓata ki da tarbiyya. Ko ɓarna ba ki iya ba."

Na fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya. Na gaya masa komai, har saƙon zif ɗin wando.

"Mace ce?" in ji shi. "Mai ɗinki? Shi ya sa. Zare ta ɗauki kayana." Ya yi 'yar dariya, gajeriya. "Allah ya ƙara mata lafiya. Ta iya faɗa."

Sannan ya ce a cire masa. Ko gwangwani ɗaya bai taɓa ba. Ranar Alhamis ya ce gwiwarsa tana ciwo, bai je ba.

Talatar da ta biyo, zama na goma sha tara, sai da na tsaya a gabansa na ce in bai tashi ba zan yi ta kuka har maƙwabta su shigo. Ya san zan iya. Ya tashi.

Ƙara-Kaɗan bai yi wani bayani ba, ya sa masa tabarau. Kantin yana nan da ɓarnata ta 'yan koyo, sai dai hawan ƙasa ya canza. Wani ya ture jajayen gefe, ya jera abu bakwai a layi ɗaya, daga dogo zuwa gajere. Doguwar kwalbar mai a gaba, kifin gwangwani a ƙarshe. Tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida, kamar da ma'auni aka yi.

"Wannan kuma fa?" in ji Baba.

"Sabon mai zuwa da safe ne. Ba zan faɗi sunansa ba. Minti biyar yake yi, ya jera bakwai ɗin nan, ya cire tabarau ya ce a mayar da shi gida. Ba ya yi wa kowa magana. Hannunsa bai taɓa barin hawan ƙasa ba."

"Tsohon soja ne."

"Ban ce ba."

"Ba sai ka ce ba. Fareti ya haɗa."

Baba ya tsaya yana kallon faretin nan. Minti ɗaya, biyu. Sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ƙasa-ƙasa, irin dariyar da yake yi in ya ɓoye wa Mama takalmi ɗaya tana sauri za ta fita. Rabon da in ji ta har na manta yana da ita.

Ya ɗauki kifin gwangwani, ɗan autan layi, ya kai shi gaba ya ba shi shugabanci. Ya ɗauki kwalin gishiri ya ɗora a hawa na biyu, a kwance, kamar sojan da ya yi barci a bakin aiki. Sannan ya damƙi doguwar kwalbar man.

"Wannan ne kwamandan ko?"

Ya fara ɗagawa. Hawa na biyu. Na uku.

"Baba, ka bar masa a nan," in ji Ƙara-Kaɗan. "Ba zai kai can ba."

"Ni da aka yi mini, wa ya tausaya mini? Ya yi zuciya."

Na huɗu. Hannun ya fara rawa, gumi yana gangarowa ta ƙarƙashin tabarau. Ya tsaya a goshi, inda ya saba tsayawa, na ji kamar in je in tura masa gwiwar hannun da kaina. Baba ya cije leɓe, ya yi wani nishi mai kama da zagi. Hannun ya wuce gashin kansa. A talabijin kwalbar ta taɓa katakon hawa na biyar, ta yi tangaɗi, ta zauna.

"Fursuna," in ji Baba, yana haki. "In yana son kwamandansa, ya zo ya ɗauka."

Ƙara-Kaɗan ya fita a guje, dogon mutum yana gudu a farfajiyar asibiti, ya dawo da babbar likita. 'Yar gajeriya ce mai kaifin ido, da robar ruwa a hannu. Aka cire wa Baba tabarau. Ta ce ya sake ɗagawa ta gani da idonta.

"In ɗaga me? Iska? Ni ba na ɗaga hannu babu kaya."

Ta miƙa masa robar ruwanta. Baba ya karɓa da dama, ya waiwaya, ya taka zuwa doguwar kabad ɗin ƙarfe. A hankali, da rawa da nishi, ya ɗora robar a samanta, har ya ɗan tura ta ciki da yatsa. Ya dawo ya tsaya yana kallon likitar daga sama.

Ta kalli robar, ta kalli tsawonta. Ta gane abin da aka yi mata.

"Baba, sauko mini da ruwana."

"Sa hannu tukuna, 'yata."

Ta sa hannu tana dariya, ta ce duk da haka ba zai ɗauki buhu ba, kuma da kujera a bayan kanta. Ya ce ya ji. Ya sauko mata da ruwan, wanda ya fi ɗorawar wuya, amma ya sauko da shi. Sannan ya ce in kira masa Yaya.

"Ka sallami kafintan nan," ya ce a waya. "Ko kuma tsaya, ya haɗa mini kujera tun da ya riga ya zo. Kuma Talata da Alhamis da yamma kai za ka zauna mini a kanti." Na ji muryar Yaya yana tambayar dalili. "Ina da fursuna a asibiti. Ba a barin fursuna babu gadi."

Ya kashe wayar ya juya ga babbar likita. "Zama nawa kika rubuta wa sojan?"

"Baba, ban ce soja ne ba."

"To ko nawa ne, ki ƙara mini daidai nasa."

Ya nufi ƙofa yana gyara hularsa da hannun dama. Ni na tsaya ina ta ninke takardar, ina buɗewa, ina sake ninkewa. Ƙara-Kaɗan yana goge gilashin tabarau da ya riga ya goge sau biyu.

"Ke ma za ki riƙa rako shi?" ya ce, bai ɗago ba.

Kafin in amsa, Baba ya leƙo daga farfajiya.

"Auta, taho, kin ƙare wa likita kallo tun wata biyu. Kai kuma dogo, in kana da magana, ba a asibiti ake yi ba. Litinin ƙarfe bakwai nake buɗewa."